Abin da Hoton Wuyan Auta Bai Faɗa Ba

Kofin shayi ne ya tona masa asiri. Na miƙa masa, ya karɓa da hannun dama kamar kullum, kofin ya zame ta tsakanin babban yatsansa da manuniya, ya tarwatse a kan siminti. Ruwan zafin ya wanke masa yatsun nan biyu, amma ko wash bai ce ba. Wannan ne ya tsaya mini a rai, mutum ya ƙone bai sani ba.

"Kofin nan santsi gare shi, Inna," in ji shi.

"Kofin nan ya girmi 'yarka ta fari. Bai taɓa yin santsi ba sai yau."

Auta shi ne ɗana na ƙarshe, ko da yake furfura ta fara leƙo masa a gemu, ga 'ya'ya suna makaranta. Dako yake yi a wani ƙaton sito inda ake sauke dilolin yadi daga manyan motoci. Ni kuwa ilimin halittu na koyar a sakandare har na yi ritaya, kuma har yau ban daina halin aji ba: duk wanda ya ce mini haka abu yake, sai na tambaye shi wa ya gwada.

Tun watan jiya matarsa ta raɗa mini cewa dila ta faɗo masa a ka a wurin aiki. Ta ce a zaune yake barci, in kuma aka kira shi daga baya, da dukkan jikinsa yake juyowa kamar ƙofa. Da ciwon ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, kamfani ya tura shi aka ɗauki hoton wuyan, irin wanda ake zura mutum cikin na'ura mai kama da bututu. Ran Larabar nan da ya fasa mini kofi, sakamakon ya kawo, a cikin babbar ambulan mai ruwan ƙasa.

"Likitan kamfani ya ce ba abin damuwa ba ne. Tsufa ne kawai. Ya ce ran Litinin in koma ɗaukar kaya."

"Tsufa?"

"Haka ya ce."

"In kai ne tsoho, ni mece ce? Gawa?"

"Inna, ba wasa ba ne. In ban koma ba za a rubuta na gudu daga aiki, a sa wani a gurbina."

Na sa tabarau na zauna kusa da taga. Harshen likitoci ba ya ba ni tsoro, na san yawancinsa ado ne aka yi wa ƙaramar magana. Wuyan ɗan Adam ƙasusuwa bakwai ne a jere, tsakanin kowane biyu akwai faifan guringuntsi mai laushi da ke hana su gugar juna, ta gefe kuma jijiyoyi ke fita su sauka hannu. Farkon takardar duk zancen cin yau da gobe ne: faya-fayan sun ɗan bushe, bakin ƙasusuwan ya yi kaifi-kaifi. Nan likitan ya ja layi da jan biro, har biron ya kusa huda takardar. A ƙasa, inda jan biro bai sauka ba, an ce faifan da ke tsakanin ƙashi na biyar da na shida ya bullutso ta dama, yana danne jijiya. Na san inda wannan jijiyar take zuwa, na sha zana ta a allo. Babban yatsa da manuniya take kai wa saƙo. Can ƙarshe kuma mai karanta hoton ya rubuta cewa a haɗa wannan sakamako da binciken jikin mara lafiya.

"Ya duba ka?" na tambaye shi.

"Ya duba hoton."

"Kai nake tambaya. Ya kama hannunka? Ya ce ka matse masa yatsa ya ji ƙarfinka?"

"Bai ma tashi daga kujera ba."

Raina ya yi baƙi ƙirin. Mutumin da jijiyarsa ke danne, hannu ya fara mutuwa, shi za a ɗora wa dila a ka ran Litinin. Na buɗe kabad, na tono wata ambulan daga ƙarƙashin zannuwan gado. Hoton wuyana ne, wanda babbar 'yata ta matsa aka ɗauka bara waccan, lokacin da jiri ya dame ni, daga baya aka gano maganin hawan jini ne ya yi mini yawa.

"Gobe tare za mu," na ce.

"Inna, don Allah, kada ki je ki..."

"In je in me? Share mini fasasshen kofin nan. Da hagu."

Asibitin kamfanin ɗaki biyu ne a bayan ofis. Na'urar sanyaya ɗaki tana ɗiga cikin bokiti, a bango an manna hoton wani mutum sanye da hular kwano yana murmushi kamar an yi masa albishir. Likitan bai kai Auta shekaru ba. Ya ce mini sannu Mama idonsa na kan waya.

Na zaro hotona na kafa a kan allon fitila da ke gefensa, na danne kusurwar da ke ɗauke da suna da shekaru da yatsana.

"Likita, taimaka ka duba mini wannan. Mai wannan wuyan, yaya kake ganin yake fama?"

Ya ɗago, ya matso da kujera. "Kai. Wannan ai ya ci wuya. Dubi nan, faifan ya kusa ƙarewa. Mai wannan yana shan azaba."

"Ni ce mai shi." Na ɗauke yatsana. "Jiya da kaina na zura zare a allura. Ba ciwo, ba sanyin hannu, kuma in ka yi gulmata a baya zan waigo kafin ka rufe baki. Wuyana ya fi nasa tsufa nesa ba kusa ba, amma shi ne kofi ke faɗuwa daga hannunsa. To in tsufa ne ke damunsa, ni me ya hana shi damuna?"

Na zaci zai daburce. Bai daburce ba. Ya ajiye wayar, ya jingina da kujera.

"Mama, kin yi gaskiya. Mutane da yawa in aka ɗauke su hoto za a ga irin wannan, kuma lafiyarsu ƙalau. Amma ni da abin da aka gaya mini nake aiki." Ya nuna Auta da biro. "Na tambaye shi ko wani abu ya same shi a wurin aiki. Ya ce babu. Ya ce kwanciya ya yi ba daidai ba, ya tashi da wuya a sage. A sito ma ba wanda ya kawo rahoton haɗari. Mutum ya ce mini kwanciya ce, hoto ya nuna mini tsufa, me kike so in rubuta?"

Na juya na kalli ɗana. Ya ƙura wa bokitin nan ido kamar shi aka ba aikin ƙirga ɗigon.

"Ko da kwanciyar ce," na ce, "takardar ta ce jijiya a danne take. Ka tashi ka taɓa shi mana."

"Ki leƙa waje ki ga layin da ke jirana. Na ba shi maganin ciwo. In ya ƙaru ya dawo."

Na kwashe hotunan biyu. Ban yi masa sallama ba, shi ma bai nema ba.

Sai da muka kai ƙofar sito na tsaya. A nan akwai wani koren allo, a samansa an rubuta da fenti: kwanakin da muka yi ba tare da haɗari ba. A ƙasa mai gadi ne ke canza lambar da alli kowace safiya, kuma lambar ta yi tsawo ƙwarai. Gefen titi wasu maza suna zaune a inuwar katanga, ba sa yin komai, suna dai kallon ƙofar.

"Kwanciya," na ce wa Auta. "Dilar ce ta kwanta a kanka, ko kai ka kwanta a kanta?"

"Inna, ba za ki gane ba."

"Na koyar da yara yadda ƙoda ke tace jini sun gane. Gwada ni."

Ya faɗa mini a tsaye, a rana, ba ya kallona. Motar ɗaga kaya ce ta bugi tarin diloli, ta saman ta gangaro ta same shi a ka da kafaɗar dama. Hular kwanonsa ta tsage. A ƙa'idarsu ta sito, in abu irin wannan ya faru ba a ihu, ba a kiran kowa daga ofis. Sai a janye mutum bayan diloli, a kwantar da shi a kan katako, a kira Bakanike. Shi Bakanike ba mota yake gyarawa ba, ɗan dako ne kamarsu, sunan ya samo shi ne daga gyaran mutane. Ya naɗa tawul a haɓar Auta, ya taka katakon da ƙafa, ya ja, ya murɗa har sai da wuyan ya ce ƙas. Kowa ya ce alhamdu lillahi, ya koma wurinsa. Aka ba shi ƙwaya biyu da tsintsiya ya ƙarasa yinin yana shara.

"Kafin ya ja ka, hannun yana yi maka haka?"

"Wuyan ne kawai. Da ya ja, sai na ji kamar wutar lantarki ta bi ta hannuna."

Ban san lokacin da na wuce mai gadi ba.

Cikin siton duhu-duhu ne, ga ƙaurin sabon yadi da hayaƙin mota. Heluma, wato shugaban 'yan dakon, ya taro ni da usur a wuya da tumbi a gaba.

"A'a, Mama da kanta! Sannu da zuwa. Kai, ku kawo wa Mama kujera. Auta, ka kawo mana baƙuwa ba ka faɗa ba?"

"Bar kujerarka. Ina mai ja wa mutane wuya?"

Wani ƙato ya sauke dila daga kansa, ya matso yana goge zufa da tawul. Na tabbata tawul ɗin ne.

"Ga ni, Mama. Ko ke ma naki ya sage? Minti ɗaya ne, ki fita kina waige-waige kamar budurwa."

Suka kwashe da dariya. Na bar su suka gama.

"Ƙasusuwa nawa ne a wuyan mutum?" na tambaye shi.

"Mama, ni ba na ƙirgawa, gyarawa nake."

"Me ke bi ta tsakiyarsu?"

"Iska ce ke shiga, ita ke kawo ciwon. In ya ce ƙas ta fita."

"Iska. Uwar jijiyoyin jikinka kaf ce ke bi ta nan, wadda in ta tsinke ko ƙuda ba za ka iya kora daga fuskarka ba. Ka sami mutum dila ta dake shi a ka, ba ka san ko ƙashi ya tsage ba, ka taka katako ka ja shi kamar kana cire tushen rogo. Auta, miƙo hannunka. Kai kuma ba shi yatsanka ya matse."

Bakanike ya miƙa yatsa yana murmushi. Auta ya kama, ya matse iya ƙarfinsa. Na ga murmushin ya fara zamewa.

"Matse mana, ɗan'uwa."

"Na matse," in ji Auta.

Heluma ya ja ni gefe, ya rage murya.

"Mama, ki saurare ni. Mu ba ma'aikatan kamfani ba ne, ƙungiyar kwangila ce. Ranar da aka goge allon can na ƙofa, ranar za a fara neman wata ƙungiyar. Kin ga mutanen da ke zaune a bakin titi da kika shigo? Mu suke jira mu yi tuntuɓe. Duk wanda kika gani a nan da iyali a bayansa. Ba mu tilasta wa Auta ba. Ni ma ga tawa." Ya ɗaga riga ya nuna mini wani tabo a haƙarƙari. "Ban faɗa wa kowa ba. Haka muke yi, kowa na rufa wa kowa asiri. Ran Litinin zan ba shi ƙananan kaya, a hankali zai warware."

"Ƙananan diloli gare ku?"



Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na ga mutanen bakin titin da idona, kuma na san ba ƙarya yake yi ba. Wani mai wayo a ofis ya rataya allo, ya ce don lafiyar ma'aikata ne, ya koma ya zauna. Ba sai ya ɓoye ko da haɗari ɗaya da hannunsa ba, waɗanda abin ke faɗo wa a ka su ne za su ɓoye masa, har su gode wa wanda ya murɗe musu wuya.

"Asirin naku ku riƙe," na ce wa Heluma. "Hannun nasa ne."

Washegari Juma'a na tasa shi a gaba zuwa babban asibiti. Muka bi layin kati, muka bi layin awo, muka zauna a benci har ƙafafuna suka kumbura. Likitan farko da muka gani ya ce Auta ya ɗaga wuyan hannunsa sama, ya danna, hannun ya faɗi. Nan take ya rubuta mana takarda zuwa hawa na biyu, wurin likitar jijiya.

Mace ce siririya mai tabarau a saman goshi, da alama ta manta yana can. Na fara zuba mata bayani tun kafin in zauna, na zaro ambulan biyu.

"Mama, ajiye hotunan tukuna," ta ce. "Mutumin nake so in fara gani. Malam, cire riga."

Ta sa shi ya tura hannunta, ya ja hannunta, dama da hagu. Ta buga masa ƙaramar guduma ta roba a gwiwar hannu, na hagu ya zabura, na dama ya yi lakwas. Ta ɗauki tsinke tana tsikarinsa daga kafaɗa zuwa ƙasa, yana cewa na ji, na ji, har ta iso babban yatsa, ya yi shiru yana jiran ta tsikara, alhali ta riga ta yi. Ta sa shi tafiya a kan layin tayil, ta duba ƙafafunsa. Sannan ta kafa hoton a fitila.

"Zo ka ga wuyanka," ta ce masa. Ita ce ta farko da ta kira shi ya kalla. "Wannan bushewar da wannan kaifin, sun daɗe. Ɗan dako mai shekarunka, da ban gan su ba da na yi mamaki. Su ba su ne ke kashe maka yatsu ba. Ga mai laifin nan." Ta ɗora bakin biro a kan wani ɗan baƙin ƙullutu. "Faifan ya fito ya zauna a kan jijiyar da ke zuwa daidai inda ba ka ji tsinkena ba. Hoto da jiki sun faɗi magana ɗaya. Sa'ar da ka yi, bai kai ga babbar jijiyar tsakiya ba."

"To ki rubuta musu," na ce. "Ki rubuta cewa hoton ya nuna dilar ce."

"Hoton bai nuna haka ba, Mama."

"Yanzu kika ce..."

"Na ce ya nuna abin da ke danne jijiyar. Bai nuna ranar da ya fito ba, bai nuna me ya fito da shi ba. Wanda ya ce miki hoton nan ya tabbatar tsufa ne, ya faɗi abin da hoto bai faɗa ba. In ni ma na ce ya tabbatar dila ce, na yi irin tasa."

Na ji haushinta, don na zo da shirin in ɗauki hoton nan in maka wa kamfani a fuska. Amma na auna maganar ta kowane gefe ban sami inda ta karkace ba.

"Abin da ke haɗa hoto da ranar da abu ya faru," ta ci gaba, "bakin mara lafiya ne. Lafiyarsa ƙalau kafin rana kaza, abu kaza ya same shi, daga nan hannu ya fara. Wannan zan iya rubutawa, in shi ya faɗa. Takardar kamfani ta ce kwanciya ce." Ta juya gare shi. "Malam, yaya aka yi?"

"Dila ce ta..." na fara.

"Mama. Kina wurin?"

"A'a."

"To ki bar shi."

Rabon da a ce mini in yi shiru a gaban mutane, tun ina ɗaliba. Na haɗiye, na riƙe jakata da hannu biyu.

Auta ya ɗauki rigarsa ya zura. Na san abin da ke yawo a kansa: Heluma da tabonsa, mutanen bakin titi, waɗanda ya yi shekaru yana cin abinci da su a kwano ɗaya. Ya kai hannu zai ɓalla maɓalli na farko. Yatsun suka kama maɓallin, ya kuɓuce. Ya sake, ya kuɓuce. Ya sunkuyar da kai don ya ga abin da yatsunsa ke yi, tunda ba sa gaya masa, wuyan ya hana shi. Ba wanda ya taimaka masa. Ni na so in tashi, likitar ta girgiza mini kai.

"In na koma ɗaukar kaya," ya ce, "me zai faru?"

"Ban sani ba tabbas. Wataƙila ka yi sa'a. Wataƙila jijiyar ta mutu, hannun ya tsaya haka ko ya fi haka. In faifan ya ƙara fitowa ya taɓa ta tsakiya, to da ƙafafu za mu yi maganar. Ni dai ba zan sa hannu a kan ka koma ba. Amma in kwanciya ce, kamfani zai ce ba ruwansa, ka je ka yi jinya a gidanku."

Ya saki maɓallin. Ya zauna rigar a buɗe.

"Dila ce," ya ce. "Daga saman tari ta faɗo mini. Hulata ma ta tsage." Ya numfasa. "Kuma an ja mini wuya bayan nan."

"Wa ya ja?"

"Wani ne."

Ba ta matsa ba. Ta sauko da tabaran daga goshi, ta rubuta komai yadda ya faɗa, ta karanta masa, ya ce haka ne. Ta hana shi ɗaukar kaya, ta hana kowa ya sake taɓa masa wuya, ta tura shi wurin masu gashin ƙashi da motsa jiki, ta sa ranar dawowa. Ta ce yawanci irin wannan yana lafawa ba tare da wuƙa ba, amma in ƙarfin hannun ya ci gaba da raguwa, ko ƙafa ta fara yi masa nauyi, kada ya jira ranar, ya taho. Da za mu fita na ɓalla masa maɓallan, ya kau da kai.

Ran Litinin bai ɗauki dila ba. Takardar likitar ya kai ofis da hannunsa na hagu, ni ina tsaye a bakin ƙofa, don ya ce in na shiga shi ba zai shiga ba. Ina nan tsaye wani mai taye ya fito ya yi wa mai gadi magana. Mai gadin ya jiƙa tsumma ya goge lambar nan mai tsawo, ya zana sifili. Mutanen inuwar katanga suka miƙe tsaye suna leƙe. Heluma ya wuce ta gabana kamar bai taɓa cewa a kawo mini kujera ba.

Kamfani ya karɓi jinyar da ƙyar, yana cewa zai yi bincike, tunda ma'aikacin ya faɗi magana biyu. Kwangilar ƙungiyar kuma aka ce ana dubawa. Wayar Auta, wadda da ba ta hutawa, ta yi shiru. Ko sannu ba wanda ya aiko.

Ran Asabar da hantsi aka yi sallama. Matar Auta ta leƙa, ta dawo ta ce wani ƙato ne da leda. Bakanike ne. Ya durƙusa ya gaishe ni, ba wasa ba dariya, ya tura ledar gaban Auta. Hular kwanon ce, a tsage daga tsakiya har gefen dama.

"A bayan diloli na ɓoye ta," ya ce. "An ce masu bincike na cewa ba shaida. Kada ka ce ni na kawo."

Ban ce masa na gode ba, ban ga dalili ba. Amma baƙo ne, na zuba masa shayi na miƙa. Ya sa hannu biyu ya karɓa, ya tallafi gindin kofin da tafin hagu kamar mai riƙe ɗan tsako. Na kalli hannun damansa. 'Yan yatsun ƙarshe biyu ba su naɗe jikin kofin ba, suna nan a miƙe.

"Tun yaushe?" na ce.

"Me, Mama?"

"Kada ka raina mini hankali. Yatsun."

Ya kalli Auta, ya kalli ƙasa. "An kwana biyu. Ni ba wanda ya iya ja mini, shi ya sa."

"Shi ya sa har yanzu kake tafiya da ƙafafunka, sakarai. Ajiye mini kofi kafin ka fasa. Ran Litinin da sassafe ka same ni a ƙofar babban asibiti, ka taho da abin karyawa, layin dogo ne. In likitar ta tambaye ka yaya aka yi, ka ce mata kwanciya ce ka gani."